RA'AYINMU: JIRGI A GIDA, MAKARANTARSA A WAJE

Ranar 1 ga watan Nuwamba, 1925, waɗansu jiragen sama guda uku na mayaƙan Ingila da suka taso daga ƙasar Masar suka sauka a filin sukuwa na birnin Kano. Wannan sauka ita ce ake ƙirgawa a matsayin mafarin zirga-zirgar jiragen sama a ƙasar nan, watau ke nan a cikin 2025 aka cika shekara 100 cif. A cikin waɗannan shekaru mun tashi daga 'yan kallo mun zama fasinjoji, muna zuwa Makka cikin 'yan sa'o'i, tafiyar da kakanninmu kan shafe shekaru suna yi a ƙasa. Daga fasinjoji kuma waɗansunmu sun zama masu jirgi, domin attajiran Kano da Katsina sun kafa kamfanoni irin su Kabo Air da Max Air da Azman Air, kana manyan 'yan kasuwa da shugabanni sun mallaki ƙananan jiragen alfarma na hawansu. Tambayar da muke so mu yi a wannan fitowa ita ce: mun mallaki jirgin, to, mun mallaki ilminsa?

Amsarmu ita ce ba mu mallaka ba tukuna, kuma hujjarmu wata na'ura ce wadda da yawa daga cikinmu ba su taɓa gani ba, watau na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, wadda ma'aikatan filin jirgi ke kira simuleta. A zamanin nan ba wanda ke zama matuƙin babban jirgi ko jirgin alfarma sai ya bi ta cikinta, kuma ba wanda ke ci gaba da riƙe aikin sai yana komawa gare ta a kai a kai. Ita ce ƙofar shiga wannan sana'a. Da yawanmu a wannan jami'a 'ya'yan manoman Maska ne da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, kuma daga Funtuwa zuwa Zariya, inda babbar makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta ƙasar nan take tun 1964, tafiyar sa'a ɗaya ce da 'yar ɗoriya a mota. Makaranta tana bakin ƙofarmu, amma ƙofar ƙarshe ta shiga aikin tana Dubai da Ingila da Faransa da Amurka, mabuɗinta kuma dala ne. Wannan shi ne abin da muke ganin ya wajaba a gyara.

Bari mu fara da jirgin kansa. Mai kallo daga nesa yakan ɗauka cewa tun da jirgin alfarma ƙarami ne, mutum goma ko goma sha biyar kawai yake ɗauka, tuƙinsa ma mai sauƙi ne. Ba haka abin yake ba. Jirgi irin Gulfstream G550 yana iya hawa har ƙafa 51,000, sama da inda manyan jiragen fasinja ke bi, yana gudun da ya kusa kilomita 900 a sa'a, yana kuma iya tashi daga Kano bai yada zango ko'ina ba sai Landan. A cikinsa akwai tsarin lantarki, da na mai, da na matsa iska don numfashin mutane, da na narkar da ƙanƙara daga fukafukai, da kwamfutocin da ke riƙe hanya, kowanne da na ko-ta-kwana a bayansa. Bugu da ƙari, matuƙin jirgin fasinja yakan san hanyarsa, yau Kano zuwa Legas, gobe Legas zuwa Kano. Shi kuwa matuƙin jirgin alfarma sai inda maigida ya nufa, ko da filin da bai taɓa sauka ba ne, ko da dare ne, ko da hazo ya rufe gari. Saboda haka doka ba ta yarda da lasin tuƙi na gama-gari kawai ba. Kowane nau'in jirgi da shaidar ƙwarewarsa, wanda ya ƙware a Challenger ba zai hau Falcon ba sai ya koma makaranta.

Ita na'urar, in ka gan ta daga waje, kamar wani farin rumbu ne da aka ɗora bisa dogayen ƙafafu shida a cikin wani makeken ɗaki. In ka shiga ciki aka rufe ƙofa, to, ka shiga ɗakin tuƙin jirgi sosai. Kowane maɓalli yana inda yake a jirgin gaske, kowace ƙara irin tasa ce, nauyin sitiyari a hannu ma haka. A gaban tagogi akwai majigi mai nuna titin jirgi da fitilunsa da gajimare da duwatsu. Ƙafafun nan shida kuwa su ne ke yaudarar jiki. In jirgi ya zabura a kan titi, sai su ɗaga gaban rumbun, mutum ya ji bayansa ya manne da kujera. In an taka birki, sai su sunkuyar da shi. Kunnen ɗan Adam, inda ma'aunin tsayuwarsa yake, ba ya iya bambanta kishingiɗa da zabura muddin ido yana gaya masa gudu ake yi. A bayan matuƙan biyu malami yana zaune da allonsa, daga nan yake kashe inji, ya tayar da gobara, ya saukar da hadari, ya fasa taya. Mafi ingancin waɗannan na'urori, waɗanda ake kira masu daraja ta D, sun kai matsayin da hukumomi ke yarda gogaggen matuƙi ya kammala koyon sabon jirgi a cikinsu, ranar da zai fara taɓa jirgin gaske kuwa da fasinja a bayansa, wani kyaftin mai horarwa yana gefensa.

Asalin abin ba daga wata babbar jami'a ya fito ba, kuma a nan akwai darasi gare mu. Wani saurayi Ba'amurke mai suna Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar kayan kiɗa masu amfani da iska, shi ne ya ga kuɗin koyon tuƙi ya fi ƙarfinsa. Sai ya ɗebi zugazugai, 'yan'uwan na maƙeranmu, daga masana'antar mahaifin nasa, ya harhaɗa wani akwati mai juyawa da karkacewa kamar jirgi, a cikin 1929. Da fari masu wuraren wasa ne suka fi saye. Sai a 1934, bayan da matuƙan sojan Amurka da aka ɗora wa jigilar wasiƙu suka yi ta halaka cikin duhu da gajimare, aka sayi guda shida. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera fiye da 10,000. Watau rashin kuɗi ne ya haifi na'urar, asarar rayuka kuma ta sa aka san darajarta.

To, me ake koyo a ciki? Mai neman shaidar ƙwarewa a jirgin alfarma yakan yi makonni biyu zuwa huɗu. Kwanakin farko a aji ake yinsu, ana bin jirgin gaɓa gaɓa kamar yadda mahauci ke bin sa, har sai ɗalibi ya iya faɗin abin da zai mutu da abin da zai rage in wani janareta ya tsaya. Sa'an nan a shiga na'ura, zama ɗaya sa'a huɗu, mutum biyu suna karɓa-karɓa. Abin mamaki shi ne, tuƙin lafiya lau kaɗan ne a cikin karatun. Galibin lokacin masifa ake koyo. Ga misali, a kowane tashi akwai wani gudu da ake lissafawa tun kafin a tayar da inji, wanda ya danganta ga nauyin jirgi da tsawon titi da zafin rana. In inji ya mutu kafin a kai wannan gudu, sai a taka birki a tsaya. In an wuce shi, ko da inji yana ci da wuta, tilas a tashi da ɗayan, domin sauran titin ba zai isa tsayawa ba. Jirgi yana gudun fiye da kilomita 200 a sa'a, yana fizga wajen injin da ya mutu, kuma abin da matuƙi yake da shi na yanke shawara bai wuce ƙiftawar ido biyu ba. Malami zai kashe masa injin nan yau, ya kashe gobe, da rana, da dare, cikin ruwa, cikin hazo, har ƙafarsa ta riƙa kai wa abin takawa kafin tsoro ya iso zuciyarsa.

Haka kuma ake koyon abin da za a yi in iskar numfashi ta zurare daga jirgi a can ƙololuwa. A ƙafa 45,000 mutum ba ya wuce sakan goma sha biyar cikin hayyacinsa. Ba lokacin tambaya, ba lokacin buɗe littafi, sai dai hannu ya kai ga takunkumin iska da kansa. A watan Oktoba 1999 wani jirgin alfarma ƙirar Learjet ya tashi daga jihar Fulorida ta Amurka, iska ta zurare, duk mutum shida da ke ciki suka suma, jirgin ya yi ta tafiya shi kaɗai kusan sa'a huɗu har mansa ya ƙare ya faɗo. Irin wannan ba a iya gwada shi da jirgin gaske, domin gwajin kansa kisa ne. A cikin na'ura kuwa matuƙi yana iya faɗuwa sau goma kafin azahar, ya fito ya sha ruwa, malami ya nuna masa inda ya kauce, ya koma. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wani ya ɗauka labarin ƙasashen Turawa muke bayarwa. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zai tafi Sakkwato, ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Rahoton masu bincike ya nuna cewa an tashi cikin mugun yanayi, jirgin ya shiga irin iskar nan ta gaban hadari mai sauya alƙibla farat ɗaya, kuma ba a bi ƙa'idar fita daga cikinta yadda ya kamata ba. Rahoton ya ƙara da cewa na'urar da aka yi amfani da ita wajen maimaita wa matuƙan wannan darasi ba ta dace da shi ba. Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Duk wanda ya taɓa ganin yadda iskar farkon damina ke kwashe jinka a ƙauyukan Maska ya san abin da ake nufi. Matuƙin da ya sha karo da ita a cikin na'ura ya fi sanin yadda zai kuɓuta, ya kuma fi sanin ranar da zai ce wa maigida a dakata, don da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Akwai kuma wani darasi da ya shafe mu ƙwarai, mu da aka tarbiyyantar a kan kunya da girmama na gaba. A 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin da ya zabura ba tare da cikakken izni ba babban malamin matuƙa ne a kamfaninsa, kuma ko da na ƙasa da shi ya nuna shakka, bai nace ba. Tun daga wannan lokaci aka mai da haɗin kan matuƙa darasi mai zaman kansa. A cikin na'ura ana koya wa yaro ya dubi wanda ya haife shi a shekaru ya ce masa, cikin ladabi amma da babbar murya, ranka ya daɗe mun yi ƙasa da yawa, a fasa sauka. Ana kuma koya wa babban ya ji ya karɓa. Wannan ba rashin kunya ba ne, amana ce. Muna ganin ofisoshinmu da asibitocinmu ma suna bukatar irin wannan tarbiyya.

In an lura, hikimar da ke cikin wannan na'ura ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Almajiri ba ya fara rubutu a takarda. A allo yake yi, ya yi kuskure, malam ya gyara, a wanke, ya sake, har hannunsa ya faɗa, sa'an nan a yarda masa ya taɓa takarda. Yaron tela da takardar buhun siminti yake fara koyon yanka kafin a miƙa masa shaddar mutane. Masaƙan da suka ɗaukaka sunan Maska a zamanin da ba su ɗora yaro a kan zaren sayarwa ranar da ya zo ba. Kakanninmu sun san cewa gwaninta ɗiyar kuskure ce, sai suka tanadi wurin da kuskure ba ya cin rai ko dukiya. Mu ne muka yar da wannan hikima, har yaron mota ya riƙa koyon tuƙi da rayukan fasinja a hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ɗalibin injiniya kuma ya karɓi digiri bai taɓa kwance inji ba. Simuleta allo ce, sai dai allo ce ta miliyoyin daloli.

A nan ne gizo ke saƙar. Yaron da ya gama makarantar Zariya yakan fito da lasin tuƙi na neman abinci bayan ya yi kamar sa'a 200 a sama cikin ƙananan jirage masu farfela. Iyayensa sun sayar da masara da auduga, watakila har da gona da shanun huɗa, suna murna ɗansu ya zama matuƙi. Ranar da ya kai takardunsa kamfani sai a tambaye shi shaidar nau'in jirgi. Ita kuwa kuɗinta dubban daloli ne masu yawa, ban da biza da kuɗin jirgi da masauki. Ko ya samu, sai a ce sa'o'insa sun yi kaɗan, alhali kuwa ba ya samun sa'o'i sai an ɗauke shi aiki. Wanda ya dace ya shiga aikin haya kuma, doka ta ce a riƙa jarraba shi duk wata shida, galibi a cikin na'urar nan, galibi kuma a ƙasar waje. Kowace faɗuwar naira ƙarin tsawo ce ga wannan katanga. Ɗan mai hali ya tsallake, ɗan manomi ya tsaya yana leƙe. Masu jiragen kuma sau da yawa sai su ɗauko matuƙa daga waje da shaidarsu a hannu, a biya su da kuɗin waje.

Mun ga misalin wannan a maƙwabta. A 2013 Gwamnatin Jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Niyya ce kyakkyawa, yaran kuma sun yi karatu sun dawo da lasin. Amma shekaru bayan haka jaridu suka yi ta kawo labarin yadda da yawansu suka zauna ba aikin tuƙi, babban dalili kuwa shi ne rashin wannan shaida ta nau'in jirgi. An kai su bakin kogi, ba a biya kuɗin fito ba. Ilmin tuƙi kuwa ba kamar takardar digiri ba ne da za a ajiye a akwati. In an daina amfani da shi dushewa yake yi, lasin ma yana da wa'adi.

Gwamnatin Tarayya ta san da matsalar. A 2014 aka ba kamfanin CAE na ƙasar Kanada kwangilar kawo na'urar kwaikwayon Boeing 737, a kan kuɗin da jaridu suka ce ya haura dala miliyan 20, daga baya aka tsai da shawarar kafa ta a makarantar Zariya. Mun yaba da wannan. Sai dai har aka shiga shekarun 2020 ana ta fama da kafa ta da neman takardar amincewar hukuma, matuƙa kuwa suna ta fita waje. Na'ura irin wannan ba ta son zama, kullum kwanan da ta yi a rufe kuɗi ne ya ƙone. A Legas kuma kamfanin Caverton ya kafa tasa ta koyon jirgi mai saukar ungulu ƙirar AW139, abin da ya nuna cewa in an sa kai ana iyawa. Amma waccan ta jirgin fasinja ce, wannan ta mai saukar ungulu. Matuƙin jirgin alfarma da jakarsa a hannu yake.

Mun san wani ɗan'uwa zai ce: ina ruwan ɗan talaka da jirgin attajiri? Manomin Maska yana kukan tsadar taki, na Faskari da Ƙanƙara 'yan bindiga sun hana shi zuwa gona, ku kuwa kuna zancen jiragen alfarma. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu zo kare almubazzaranci ba. Ba mu ga dalilin da zai sa a sayi jirgin hawa da dukiyar jama'a alhali makarantun firamare ba rufi ba. Amma jiragen nan sun riga sun zo, ko mun so ko mun ƙi, kuma daga arzikin ƙasar nan aka saye su. Tambayar da ta rage ita ce wa zai ci albashin tuƙa su da gyara su, ɗan ƙasa ko baƙo? In attajiri ya sayi jirgi a waje, ya gyara shi a waje, ya horar da matuƙinsa a waje, to, ƙasa ba ta sami kome ba sai ƙara. Ban da haka, hannun da ya iya wannan jirgi shi ne zai ɗauko majinyaci cikin gaggawa, shi ne gobe zai ja jirgin alhazai daga Katsina. Ilmi ba ya zama na attajiri don kawai attajiri ya fara biyan kuɗinsa.

Mu 'yan wannan yanki mun fi kowa sanin ƙarshen injin da aka kawo ba tare da ilminsa ba. A 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. An yi hanyoyi da madatsun ruwa, an kawo taki da sabon irin masara, yankin ya amfana. Amma wanda duk ya zaga harabar ma'aikatun gona da sakatariyar ƙananan hukumomi ya ga gawawwakin taraktoci da ciyawa ta tsiro a cikinsu, waɗansu don rashin wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, waɗansu don rashin wanda ya san ciwonsu. Garmar shanu kuwa tana nan tana aiki, domin maƙerin da zai gyara ta yana cikin gari. Abin da ka iya gyarawa da koyarwa shi ne naka. Saura duk kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Saboda haka muna kira da a yi abubuwa huɗu. Na farko, duk wata gwamnati ko hukuma da za ta sayi jirgi da kuɗin jama'a, a rubuta cikin yarjejeniyar cinikin cewa mai sayarwa zai horar da matuƙa da injiniyoyi 'yan ƙasa har su sami shaidar wannan nau'i. Lokacin ciniki ne mai saye ke da baki, in an biya kuɗi an gama. Na biyu, Gwamnatin Jihar Katsina da sauran jihohi, in za su ɗauki nauyin masu koyon tuƙi, su yi lissafi har ƙarshe, su kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanonin jirage tun kafin yaran su tafi. Goma da aka kai gaci sun fi ɗari da aka bari a tsakiyar ruwa. A kuma zaɓe su da jarrabawa a fili, domin ɗan manomin Maska da ɗan kwamishina su zauna a benci ɗaya.

Na uku, a mai da Zariya cibiyar wannan horo. Ba mu ce a sayi na'ura ga kowane irin jirgi ba, don kowace na'ura nau'i ɗaya take kwaikwayo, jiragen alfarmar ƙasar nan kuwa iri-iri ne, wanda ya ce a saya wa kowanne bai san lissafi ba. Abin da muke cewa shi ne hukumar kula da sufurin sama ta san nau'in da ya fi yawa a rajistarta. A fara da shi, gwamnati da masu jiragen su haɗa hannu da kamfanin da ya san aikin, a sayar da sa'o'in da suka rage ga matuƙan Nijar da Gana da Kamaru da sauran maƙwabta, kuɗin waje ya riƙa shigowa maimakon fita. A kuma horar da masu gyaran na'urar tun kafin ta iso, kada ta bi sawun taraktoci. Na huɗu, a kai ƙananan na'urorin kwaikwayo, irin waɗanda kwamfutar tebur ke ɗauka, makarantun sakandare da na fasaha a Funtuwa da Malumfashi. Ba za su mai da kowa matuƙi ba, amma yaron da ya ga amfanin kusurwa da ma'aunin iska da idonsa ba zai ƙara tambayar amfanin lissafi ba. 'Yan mata ma a ba su kujera, domin Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin haya a Nijeriya, a Zariya ta yi karatu, ta kuma dawo ta shugabanci makarantar.

Daga ƙarshe muna magana da ku, 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu shiga aikin gwamnati. Takardun kwangilar nan ba aljanu ke rubuta su ba. Ƙaramin ma'aikaci ne ke tsara su kafin su kai teburin babban sakatare, gobe kuma ku ne manyan sakatarorin. Duk ranar da fayil ɗin sayen wani inji ya biyo ta hannunku, jirgi ne ko tarakta ko na'urar asibiti, ku ɗauki alƙalami ku rubuta tambaya uku a gefe: wa zai koya, a ina zai koya, wa zai gyara? In ba amsa, ku faɗa wa na gaba da ku cikin ladabi, da babbar murya, kamar yadda ake koya wa mataimakin matuƙi. Mu kuma da ke aji, mu nace a buɗe mana ɗakunan gwaji, mu ɓata, mu gyara, tun kuskurenmu bai zama na rayukan jama'a ba. Kakanninmu sun yi kallon jirgi a filin sukuwa, iyayenmu sun hau shi zuwa aikin hajji. Abin da ya rage wa namu zamanin shi ne mu kawo makarantarsa gida. Allah ya ba mu ikon yi, amin.